Babi na Shida: Kanada a Hanyar Gure

Idan mota ta bar Damagaram ta nufi gabas, sai ta ci kilomita 160 da ɗoriya kafin duwatsun Gure su bayyana. Daga nan ƙasa take sauya kama. Gonakin gero suna raguwa, tuddan rairayi suna ƙaruwa, a tsakaninsu kuma ga kwaruruka masu dabino da goruba, inda Mangawa suke haƙar kanwa da dafa manda tun kaka da kakanni. Kwaltar da ta ratsa wannan yanki ta bi ta Gudumariya da Maine-Sorowa da Diffa, ta tuƙe a Ngigmi, bakin tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi. Tsawonta daga Gure ya haura kilomita 400, kuma da kuɗin Kanada aka shimfiɗa ta a shekarun 1970. Sunan da gwamnati ta raɗa mata shi ne Hanyar Haɗin Kai da Abotar Kanada.

Siyasa ce ta haifi wannan hanya. A Yulin 1967 Janar de Gaulle ya tsaya a birnin Montreal ya ɗaure wa 'yan-a-waren Kebek gindi a bainar jama'a. A Fabrairun 1968 kuma Gabon ta gayyaci lardin na Kebek taron ministocin ilimi, ta karɓe shi kamar ƙasa mai cin gashin kanta. Hankalin Ottawa ya tashi, ta shiga neman abokai a Afirka masu jin Faransanci waɗanda za su yi hulɗa da gwamnatin tarayya kai tsaye. Shi kuwa shugaban Nijar Diori Hamani yana neman wanda zai rage masa dogaro da Faransa, balle ma da ya saɓa da Faris a kan yaƙin Biyafara, inda ya tsaya bayan gwamnatin Legas. Sai buƙata ta gamu da buƙata. Yamai ta karɓi taron ƙasashe masu amfani da Faransanci a 1969, ta sake karɓa a 1970, kuma a ranar 20 ga Maris na wannan shekara aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Francophonie, da ɗan Kebek Jean-Marc Léger a matsayin sakatarenta na farko, kujerar Kanada kuwa ta tabbata a hannun Ottawa. Hanyar Gure ta biyo baya. Diori bai ga ƙarshen aikin yana kan mulki ba, don Seyni Kountché ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilun 1974. Shekara guda kafin nan, lokacin da fari ya gama da dabbobi, jiragen Hercules na sojan saman Kanada suna cikin waɗanda suka yi jigilar hatsi zuwa Nijar.

Da wannan fuska mutanen gabashin Nijar suka san Kanada: injiniya da awon hanya da buhun taimako. Amma tana da fuskar kaki da bindiga, kuma fiye da sau ɗaya yaƙe-yaƙenta sun taɓa wannan yanki ba tare da an ga sojanta ko ɗaya a kasuwar Gure ba.

A ranar 9 ga Afrilun 1917 rundunonin Kanada huɗu suka auka wa tudun Vimy a arewacin Faransa, wanda Jamusawa suka riƙe tun 1914. Cikin kwana huɗu suka ƙwace shi, suka bar gawa 3,598. Har yau 'yan makaranta a Kanada ana koya musu cewa a kan wannan tudu ƙasarsu ta san kanta. Makonni biyar kafin haka, ranar 3 ga Maris, ayarin sojan Faransa da ya taso daga Damagaram ya karya ƙawanyar da madugun tawayen Abzin, Kawusan, ya yi wa barikin Agadas tun Disambar 1916. Ingila ma ta turo dakaru daga arewacin Najeriya don taya Faransa. Yaƙi ɗaya ne da na Vimy, domin Kawusan daga wajen Sanusiyya ya samo makamansa, su kuma Turkiyya da Jamus ke mara musu baya. Sai dai abin da ya biyo bayan nasarar a nan ya sha bamban: an karkashe malamai da mutanen gari a Agadas, an kwashe raƙuma, an watsa ƙauyukan Abzin. Faransar da Kanada ta haye teku don ceto ita ce ke zaune a wuyan Buzu da Bahaushe da Bamange, tana karɓar haraji da ɗiban samari.

Yaƙin Hitila ya ƙara matso da abin kusa. Bayan Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. A kudu ga Borno a hannun Ingila, a gabas kuma ga Chadi, inda gwamna Félix Éboué ya bi de Gaulle tun 26 ga Agustan 1940. Wato Gure da Ngigmi sun zama bakin iyaka tsakanin sassa biyu masu gaba. An tsananta tsaron iyakar da fatake suka saba ƙetarawa da kanwa da dabbobi, aikin tilas da karɓar hatsi suka ƙaru, wanda duk ya samu hali ya tsallaka ƙasar Ingilishi. A daidai wannan lokaci, wajen kilomita 200 kudu da Gure, sararin sama bai huta ba. Daga Satumbar 1940 Ingila ta riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort-Lamy da Khartum har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan layi, kuma cikin matuƙan akwai 'yan Kanada, ƙasar da ta horar da ma'aikatan jirgin sama sama da 130,000 a filayenta saboda wannan yaƙi. Abin lura, Ottawa ba ta yanke hulɗar jakadanci da Vichy ba sai Nuwambar 1942, watan da gwamnan Dakar, Pierre Boisson, ya juya ya koma ɓangaren ƙawance da dukan yankin da ke ƙarƙashinsa, har da Nijar.

Kanada ta sha wuya a wannan yaƙi, kuma ta san adadin wuyar da ta sha. A Dieppe, ranar 19 ga Agustan 1942, ta tura mutum 4,963, aka kashe 907, aka kama 1,946, duk kafin la'asar. A Mayun 1944, a kwarin Liri na Italiya, sojojinta suka fasa layin tsaron Jamus kusa da Pontecorvo, a hagunsu kuwa rundunar Faransa ce ta Janar Juin, wadda mafi yawan mayaƙanta 'yan Maroko da Aljeriya ne, tare da bataliyoyin baƙar fata na Afirka. Ƙasa mai mutum miliyan 11 ta sa wa fiye da miliyan ɗaya kaki, ta rasa wajen 45,000. To, su abokan nata na hagu fa? A ranar 1 ga Disambar 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, wani ya ce 70, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon 'yan mazan jiya na Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara 50, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan 'yancin kai sai sojan Nijar da na Kanada suka fara haɗuwa ƙarƙashin tuta ɗaya. Kanada ta yi suna a aikin kiyaye zaman lafiya tun rikicin Suwez na 1956, wanda ya jawo wa ministanta Lester Pearson kyautar Nobel. A yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, shugaban Nijar Ali Saibou ya tura sojoji wajen 500 Saudiyya, Kanada kuma ta tura jiragen ruwa da jiragen CF-18. A Ruwanda a 1994, inda aka bar Janar Roméo Dallaire da 'yan ɗaruruwan sojoji yana kallo ana yanka mutum wajen 800,000, wata ƙaramar tawagar Nijar ta shiga ƙasar tare da Faransa, daga baya ta koma cikin bataliyar Afirka da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwamandansu a lokacin shi ne magajin Dallaire, Janar Guy Tousignant, shi ma ɗan Kanada.

Tarihin sojan Kanada ba fari fat ba ne. A Maris na 1993, a Beledweyne ta Somaliya, sojojin laima na Kanada suka kama wani yaro ɗan shekara 16, Shidane Arone, suka azabtar da shi har ya mutu, suka kuma ɗauki hotuna. Abin kunya ne babba. Amma hotunan sun fito, an gurfanar da wasu a kotun soja, an kafa kwamitin bincike, a 1995 aka rusa rundunar ɗungurungum. Sunan yaron yana cikin littattafan tarihin Kanada.

Yaƙin da ya fi taɓa gidajen Gure kuwa shi ne na Libiya. A ranar 17 ga Maris na 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare fararen hula, ƙarshen watan kuma ƙungiyar NATO ta karɓi ragamar yaƙin. Wanda aka ɗora a kan aikin baki ɗaya shi ne Laftanar Janar Charles Bouchard, ɗan Kebek, yana ba da umarni daga birnin Naples. Jiragen CF-18 na Kanada suna tashi daga Trapani a tsibirin Sisili: sun yi sawu 946, sun saki bama-bamai 696. An kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba, aka rufe yaƙin ƙarshen watan, a Nuwamba kuma aka yi gagarumin biki a harabar majalisar Ottawa, jirage suna shawagi, aka maƙala wa Bouchard lambar yabo. Ba sojan Kanada ko ɗaya da ya mutu.

A wannan gefen Sahara lissafin daban ne. Shekara da shekaru Libiya ce gonar rani ta samarin Damagaram da Damargu da Muniyo. Idan aka gama girbi sai a hau gingimari ta Agadas da Dirku zuwa Sabha ko Tarabulus, a yi leburanci ko gadi ko aikin lambu, a aiko da abin sayen hatsi da biyan sadaki. Da wuta ta kama, sai ga su suna dawowa, an cika motoci maƙil har saman kaya, jarkokin ruwa suna reto a gefe, da yawa an ƙwace musu ɗan abin da suka tara, wasu sun sha duka saboda ana ɗaukar duk baƙar fata sojan hayar Gaddafi ne. Gwamnatin Nijar ta ƙiyasta waɗanda suka dawo sun haura 200,000, kuma yankunan Tanut da Gure suna cikin waɗanda suka fi jin nauyin. Gidan da yake jiran aike sai ya samu ƙarin baki, ga shi daminar 2011 ba ta yi kyau ba, 2012 ta zo da yunwa.

Ba a ce ba a yi gargaɗi ba. Mahamadou Issoufou, wanda bai cika wata biyu da rantsuwar shugabancin Nijar ba, ya halarci taron ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki a Deauville a Mayun 2011, inda firayim ministan Kanada Stephen Harper yake zaune, ya kuma faɗa musu cewa rushe Libiya zai iya mayar da ita kamar Somaliya. Daga baya wata jaridar Ottawa ta bankaɗo cewa jami'an leƙen asirin sojan Kanada da kansu sun rubuta, kwanaki kaɗan kafin a fara ruwan bama-bamai, cewa ƙasar tana iya faɗawa doguwar basasar ƙabilu. An ji, an wuce. Rumbunan makaman Gaddafi suka buɗe, arewacin Mali ya faɗi a 2012, a Janairun 2013 Kanada ta ba da jirgin dakon kaya ƙirar C-17 don kai wa Faransa kayan yaƙi Bamako. Ranar 23 ga Mayun 2013 aka tayar da bam a barikin Agadas da mahaƙar uraniyom ta Arlit, sojoji wajen 20 suka kwanta dama, Issoufou ya ce maharan daga kudancin Libiya suka fito. Wanda ya ɗauki alhakin harin shi ne Mokhtar Belmokhtar, mutumin da yaransa suka sace jami'an diflomasiyyar Kanada biyu, Robert Fowler da Louis Guay, kusa da Yamai a Disambar 2008, suka riƙe su kwana 130.

Adalci shi ne a faɗi cewa Boko Haram ba 'yar Libiya ba ce. A Maiduguri aka haife ta, kuma kaso mai yawa na makamanta daga barikokin Najeriya ta kwasa. Amma ƙasa mai ƙaramar runduna kamar Nijar, da aka tilasta mata tsaron iyakar Libiya da ta Mali lokaci guda, ba ta da sauran ƙarfi mai yawa sa'ad da wuta ta uku ta kama a bakin Komadugu.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. A kwanakin da suka biyo baya, hanyar da Kanada ta gina ta ɗauki kaya iri biyu: motocin soja suna gangarawa gabas, motocin haya cike da mata da yara da katifu suna haurowa yamma ta Gure zuwa Damagaram. A lokacin akwai sojojin Kanada na musamman a Diffa, sun zo horar da na Nijar cikin shirin atisayen Flintlock da Amurka ke jagoranta. Da harbi ya yi ƙamari sai aka janye su zuwa wasu sassan ƙasar. Umarni suka bi, kuma tun farko ba yaƙi aka turo su yi ba. Shirin horon nasu, wanda suke kira Naberius, ya fara a 2013, mutanensa ba su wuce 50 ba, sun koyar da harbi da sintiri da ɗaure rauni a fagen fama. A 2017 sojojin barikin Valcartier masu jin Faransanci suka karɓi aikin na wani lokaci. Horon yana da amfani, babu mai musun haka. Amma wanda ya kwana a ramin tsaro a bakin kogi ɗan Nijar ne, da na Chadi da na Najeriya.

Ranar 25 ga Afrilun 2015, a tsibirin Karamga na Tafkin Chadi, an kashe sojojin Nijar 46 da fararen hula 28. Gwamnati ta umarci mazauna tsibiran tafkin su tashi, dubban mutane suka taka da ƙafa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi da Bosso. Dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, ta hana cinikin tattasai da bandar kifi don toshe wa 'yan ta'adda kuɗin shiga, sai ta haɗa da manomi da masunci da ɗan kabu-kabu da direban da ke loda buhunan jan tattasai zuwa kasuwannin yamma. Bayan harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 mutum wajen 50,000 suka sake watsewa. Yawancinsu ba sansani suka nufa ba, bakin kwalta suka zauna. A Kinjandi da Ngagam da Assaga, mai wucewa yana ganin bukkokin kara da zana da tamfol jere a gefen hanya kilomita bayan kilomita, yara riƙe da jarka suna jiran tankar ruwa. Dalilinsu a fili yake: a kan kwalta soja ke sintiri, a kan kwalta motar agaji ke tsayawa.

Kanada ta koma Mali a 2018 da jirage masu saukar ungulu takwas da mutum wajen 250 a Gao, suna kwasar waɗanda suka ji rauni cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a lokacin Nijar ma take da bataliya a cikinta. Shekara guda suka yi suka tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Ottawa ta dakatar da taimakon da take ba gwamnatin Nijar kai tsaye, sojan Faransa ya fita a Disambar 2023, na Amurka a 2024.

Akwai abu ɗaya da ya cancanci a ɗauka daga wajen Kanadawa, ko da mutum yana jin haushin abin da suka taya aka yi a Libiya. A Afganistan sun rasa soja 158 tsakanin 2001 da 2014. Duk gawar da aka sauke a barikin Trenton, idan aka ɗauke ta zuwa Toronto, mutane sukan fito su tsaya a kan gadoji da tutoci, ko ana dusar ƙanƙara, har aka sauya wa wannan yanki na babbar hanya suna saboda su. A majalisar dokokinsu akwai littattafai takwas da aka rubuta da hannu, ɗauke da sunaye fiye da 118,000 na waɗanda suka mutu cikin kaki, kuma kullum da ƙarfe 11 na safe ana buɗe sabon shafi, yadda iyali za su san ranar da sunan nasu zai fito. Saboda haka ne marubuci zai iya cewa 907 a Dieppe, 3,598 a Vimy, ba tare da ya yi kame-kame ba.

Namu ɓangaren na waɗannan yaƙe-yaƙe kuwa a bakin mutane yake, ba a takarda ba. An san adadin sojojin da aka kashe, 46 na Karamga, da 71 na Inates a Disambar 2019, da 89 na Shinagodar a Janairun 2020, amma yaron makaranta a Gure zai sha wuya kafin ya sami inda aka jera sunayensu da garuruwansu. Samarin Muniyo da aka ɗiba a 1916 da 1939 ma haka, balle waɗanda ƙishirwa ta kashe tsakanin Sabha da Dirku a 2011. André Salifou ya nuna ana iyawa, da ya bi takardun Faransa da bakin tsofaffi ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan, kuma jami'ar Damagaram sunansa take ɗauke da shi a yau. Ɗalibanta na tarihi ba sa buƙatar biza kafin su fara. Da yawa daga sojojin da suka je Saudiyya a 1990 da Ruwanda a 1994 suna nan da ransu, haka waɗanda suka dawo daga Libiya, haka matan da aka kawo wa labarin Karamga da Bosso. A je a zauna da su, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunan kowane mamaci da na mahaifinsa da na ƙauyensu, tun masu ba da labarin suna iya bayarwa.